Faifan da Ya Maƙale a Motar Mijin Yaya

Mijin yayata mai gyaran firji ne. Duk layin da shagonsa yake Mai Firji ake ce masa, yaran unguwa ba su ma san yana da wani suna ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, shiru-shiru, in yana magana sai ka matso kusa kafin ka ji. Shi ya sa duk wanda aka gaya wa irin kiɗan da yake yi ranar hutu sai ya ce ƙarya ne. Irin kiɗan nan ne da ake kira metal, wanda jita ke ruri kamar injin markaɗe ya haɗiye cokali, mai ganga na duka kamar suna gaba da gangar, mawaƙi kuma yana ihu sai ka ce ƙofa ta datse masa yatsa. Tun yana saurayi abin ya kama shi, a ɗakin wani maƙwabcinsu mai tarin kaset. Ya taɓa ce min ranar da ya fara jinsa, ji ya yi kamar an buɗe masa taga a ƙirji. Iyakar bayanin da ya taɓa yi ke nan.

Yaya kuwa tela ce, labule take ɗinkawa da rigunan kujeru. Kekenta na falo jikin taga, kullum da tef ɗin awo rataye a wuya da allura a bakinta. Ba ta da rowa, in ban da rowar yabo. Ranar da na ci jarrabawar shiga jami'a na zo da gudu na gaya mata, ta dube ni ta ce, "To, madalla. Ga kwanuka can." Da yamma na tarar da sabuwar jaka a kan gadona.

Ni ce auta a gidanmu, a hannunta na girma bayan rasuwar mahaifiyarmu, kuma a gidansu na zauna har na yi aure. A tsawon zaman nan ban taɓa jin ɗayansu ya gaya wa ɗaya wata kalma mai zaƙi ba. Shi yana kiranta Tela, ita tana kiransa Injiniya, da wata irin murya da ba za ka gane girmamawa ce ko tsokana ba. Amma kowace safiya, in zai fita, sai ta tare shi a bakin ƙofa ta cusa masa tabaransa a aljihun riga ba tare da ta kalli fuskarsa ba, don kullum mantawa yake. Shi kuma bai taɓa bari kekenta ya yi kukan rashin mai ba. Kafin ta lura ya ɗiga masa, ya goge, ya wuce abinsa.

Su uku ne a ƙungiyarsu. Shi ke kaɗa jita. Mai ganga malamin lissafi ne a wata sakandare, Malam kawai muke ce masa. Mawaƙin kuma direban motar kamfanin ruwa ne, ana kiransa Dogo. A ɗakin ajiyar da ke bayan shago suke haɗuwa, a tsakiyar matattun firji da masu su suka ƙi zuwa ɗauka. Ba a daɗe ba mai kantin maganin da ke jikinsu ya fara ƙorafi, wai kwalabe na rawa a kan kanta, masu ciwon kai kuma in sun zo saye sai ciwon ya ƙaru. Mai Firji ya dawo gida jiki a sanyaye, ya ce da alama sai dai su haƙura. Sai Yaya ta shiga tattara ragowar yadin labule masu kauri, ta samo guntayen soso wajen masu kujeru, ta yi ta ɗinki har ta haɗa wasu manyan barguna masu launi barkatai. Aka kai aka lulluɓe bangon ɗakin da su. Da ya zo yi mata godiya sai ta ce, "Ba don kai na yi ba, Injiniya. Tarkacen ne suka cika min falo."

Haka suka yi shekaru suna kiɗa wa firji. Sai bayan Mai Firji ya haura hamsin, 'yarsu ɗaya tilo ta yi aure ta koma wani gari, sannan Dogo ya matsa lallai sai sun yi faifai kafin muryarsa ta mutu. Suka yi watanni suna zarya wani ɗan ƙaramin situdiyo a saman shagon taya. Suka sa wa faifan suna Tsatsa. Ranar da aka gama bugawa ya shigo da kwali a kafaɗa, ya ajiye a tsakiyar falo a hankali kamar ƙwai ne a ciki.

Da rana ne, na zo gidan da jaririna. Ya ce mu zauna mu ji. Yaya ta zauna da wani labule a cinya tana warware ɗinkin bakinsa. Shi bai zauna ba, ya tsaya jikin ƙofa ya harɗe hannu, kamar mai jiran likita ya fito. Ƙara ta cika falo har jaririn ya farka ya tsala kuka, na kai shi ɗaki na dawo. Yaya ba ta ɗaga kai ba ko sau ɗaya. Da faifan ya tsaya sai ta ce, "Ya ƙare?"

"Ya ƙare."

"To, ba laifi. Waƙa ta ukun nan ta yi tsawo."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haka Malam ma ya ce." Amma na ga yadda ya sunkuya ya daɗe yana naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗewa. Tausayi ya kama ni, na ce wallahi ya yi daɗi ƙwarai, ban taɓa jin irinsa ba.

"Auta," ya ce, "ke ai ko murfin tukunya na buga miki cewa za ki yi ya yi daɗi."

A waje ma haka abin ya kasance. 'Yarsu ta sa waƙoƙin a intanet, inda samari masu son irin wannan kiɗa ke taruwa, ta riƙa bugo waya tana karanta masa abin da suka rubuta. Wani ya ce ba yabo ba fallasa. Wani ya ce dattawa sun yi ƙoƙari, sai dai kiɗan ya makara, da tun suna samari suka fitar da shi da an saurara. Wani ya yaba wa mai jita a waƙa ɗaya, ya ce sauran duk kamarsu ɗaya. Dogo ya fusata, ya ce a ba shi wayar ya koya wa 'yan banza ladabi. Mai Firji ya hana shi. Da muka rage mu biyu a shago ya ce min, "Da ma zagi suka yi, Auta. In an zage ka, ka san an ji ka."

Sau ɗaya suka yi wasa a gaban jama'a, a wani ɗan zaure da aka ara musu. Kujerun da babu kowa sun fi masu mutane yawa. Yaya ba ta je ba, ta ce kanta ba zai ɗauka ba. Amma baƙar rigar da ya sa ita ta goge ta, kuma maratayin jitarsa da ya tsinke ita ta sake masa da wani yadi mai ƙarfi, ta yi masa ɗinki biyu. Bayan nan kwalin faifan ya hau saman kabad, aka ci gaba da rayuwa.

Ciwon Yaya da kumburin ƙafa ya fara. Ta ce taka keke ne. Sai fuska ta bi, sai kasala, har ta kai in ta zare allura hannunta na rawa. Da ƙyar ya lallaɓa ta suka je asibiti. Aka ce ƙoda ce, duka biyun, kuma an daɗe da makara. Sai dai wankin ƙoda, sau da yawa a mako, a babban asibitin da ke can ƙarshen gari.

Motarsa tsohuwar motar aiki ce mai warin gas da dalma. Ya kwashe sifana da wayoyi daga kujerar gaba, ya wanke ta, ya sa matashi. Ni in na samu dama nakan bi su, in zauna a baya tsakanin akwatin kayan aiki da wani kwamfireson firji. Abin dariya shi ne, mutumin da ke gyara kayan kowa, na'urar kiɗan motarsa ta lalace. Tun ranar da ya sa faifansu don ya gwada, ya maƙale a ciki ya ƙi fita, rediyon kuma ba ta kamawa. Ko dai Tsatsa, ko shiru. A tafiyar farko shiru ya zaɓa. Muka shiga cunkoso a kan gada, rana na duka, ba mai cewa komai, kowa da abin da ke cinsa. Can Yaya ta ce, ba tare da ta buɗe ido ba, "Kunna abin naka mana, Injiniya. Shirun nan naka ya fi shi sa ciwon kai."

Ya kunna, ya rage murya ƙasa-ƙasa.

Daga nan ya zama abokin tafiyarsu. Kuma tunda hanyar na da nisa, Yaya ta ji faifan nan fiye da duk wani mahaluki, har da su da suka yi shi. Ra'ayinta ya riƙa fitowa kaɗan-kaɗan kamar famfo mai ɗiga. Yau ta ce Malam gaggawa gare shi, kamar wanda ake jira a aji. Gobe ta ce, "Nan wajen kuskure ka yi ko da gangan ne?" Ya ce kuskure ne. Ta ce, "Na sani." Wata rana ta ce ta biyar ɗin da dama-dama, aƙalla mutum na iya jin inda aka dosa. Ranar har muka isa asibiti yana murmushi shi kaɗai.

Sai ta fara tambayar abin da Dogo yake cewa, don ihun ba ya bari a ji kalma. A nan muka san ashe Mai Firji ne ya rubuta baitukan duka. Ta farko a kan mahaifinsa ce, wanda ya yi aiki a masana'anta har aka rufe ta aka bar su a bakin ƙofa. Ta biyu a kan wani abokinsa da ruwa ya ci suna yara. Yana faɗa yana kallon titi, a taƙaice, kamar mai bayanin abin da ya lalace a firji. Ni dai ban taɓa jin sun yi hira mai tsawon wannan ba.

"Ta ukun fa?" in ji Yaya.

Ya yi kamar bai ji ba, ya shiga gyara madubi.

"Da kai nake."

"A kan wata mata ce," ya ce. "Mai ɗinki."

Muryar Dogo na ta kururuwa ƙasa-ƙasa a faifan. Na sunkuyar da kai ina kallon akwatin kayan aiki.

"Shi ne kuka sa Dogo yake mata ihu haka? Me ta yi muku?"

"Haka ake yi, Tela."

"Hm." Ta gyara zama. "Duk da haka ta yi tsawo."

Sai ta miƙa hannu ta cire wani zare da ya maƙale a hannun rigarsa. Ta cire zaren, amma ba ta ɗauke hannun ba, ta bar shi a nan har sai da ya zo shan kwana.

Kada a ce daga baya ta so kiɗan. Ba ta so shi ba. Wata rana a ɗakin wankin, tana kwance an jona mata robobi, shi ya fita sayo ruwa, ta ce min, "Kiɗan nan, Auta, har gobe ban ga abin so a cikinsa ba. Hayaniya ce kawai. Amma kin lura in yana ji kafaɗunsa kan sauka? Mutumin nan tun da aka ce ƙoda ce bai yi numfashi mai kyau ba."

Gaskiyarta. Ya rame fiye da ita. Ya koma buɗe shago rabin yini, masu kawo gyara suka fara kai wa wasu. Likita ya hana ta gishiri, sai ya shiga kicin da kansa yana dafa abinci lami, ya zuba musu a faranti ɗaya. Ta ce ya sa gishiri a nasa, ya ce ya daina so. A asibiti yakan zauna gefen injin wankin ya karkata kai yana saurare, yadda yake wa firji. Wata rana ya kira nas ya ce mata injin nan akwai abin da ke gogawa a cikinsa. Ta yi dariya ta ce, "Baba, wannan ba firji ba ne." Ya ce ya sani, a dai duba. Yaya ta ce, "Rabu da shi 'yar nan, ko agogon mutane ya ji yana tafiya sai ya ce a kwance."

Ba tare da ya gaya wa kowa ba ya je aka gwada shi, ko zai iya ba ta ƙoda ɗaya. Aka ce ba zai yiwu ba, jininsa ya hau, shekaru kuma sun ja. Ni ma aka gwada, ba mu dace ba. Da labarin nasa ya kai kunnen Yaya sai ta hau shi da faɗa, da 'yar muryar da ta rage mata. "Wa ya ce maka ina son tsohuwar ƙodarka? Ka kwanta, in kwanta, wa zai tuƙa motar?" Ya fita. Da na leƙa ta taga na hango shi a wajen ajiye motoci, ya dafa motar da hannu biyu, kansa a ƙasa. Na juyo na tarar Yaya ta juya fuska bango, tana goge ido da bakin zanin gado.

Ƙarshenta aka kwantar da ita gaba ɗaya. 'Yarsu ta zo ta yi kwanaki, ta koma saboda yara, da niyyar dawowa. Wata safiya muna zaune, ni a bakin gado shi a kujera, mai gadi ya leƙo ya ce mai tsohuwar motar nan ya zo ya matsar da ita, ta tare hanya. Mai Firji ya ce a ɗan jira. Yaya ta buɗe ido ta ce, "Je ka gyara musu, Injiniya, kada su yi maka faɗa." Ya tashi, ya taɓa aljihu ya ji makulli, ya fita.

Kafin ya samu wurin ajiyewa ya hawo bene, ta cika. A hannuna.

Da ya shigo ya ga nas a tsaye, ya gan ni, bai tambayi komai ba. Ya matso ya ce, "Tela." Ya ɗan jira. Sannan ya ja bargo ya rufe mata ƙafa, don yatsunta sun fito, ya daidaita gefen kamar yadda take son a daidaita abu. Ya zauna a kujerarsa. Ni ce na yi ta kuka, shi yana cewa, "Yi haƙuri, Auta. Yi haƙuri."

Ƙungiyar ba ta sake haɗuwa ba. Ba wanda ya ce an daina, kawai dai ba a sake sa rana ba. Malam ya yi ritaya ya koma wajen 'ya'yansa, Dogo kuma maƙogwaro ya hana shi ko ɗaga murya. Motar ta ƙara 'yan watanni sannan injinta ya buga, masu sayen ƙarafa suka ja ta da faifan a cikinta. Na ce ya bari a ɓalle na'urar a ciro, ya ce a bar shi, akwai kwali guda a gida. 'Yarsa ta yi juyin duniya ya koma wajenta, ya ƙi, wai firjin mutane fa. Kunnensa na hagu ya yi nauyi, yanzu in za ka yi masa magana sai ka zagayo dama.

Nakan biya shagon in na taso aiki. Kwanakin baya na same shi zaune a kan benci, ba aiki, ya sa kofin shayi a gaba ya huce. Muka gaisa, ya tambayi yara. Can sai ya ce, "Auta, yayarki tana yarinya, haka take? Ba ta magana?"

Na yi dariya na ce ina, ai Yaya mai surutu ce a da. Kuma waƙa gare ta. In tana wanki a tsakar gida har maƙwabta ke jin muryarta, mahaifiyarmu tana cewa ta rage kada ta tara mana jama'a. Sai bayan rasuwar mahaifiyarmu, da ɗawainiyarmu ta dawo kanta, ta yi shiru.

Ya juyo da kunnen dama sosai. "Waƙa? Tela?"

"Wallahi. Murya mai daɗi kuwa."

"Ban taɓa ji ba," ya ce. Ya daɗe yana kallon titi. "Wace iri take yi?"

Na yi ta lalube a kaina. Ina ganin bahon wankin, ina ganin kumfa a hannunta har gwiwa, ina ganin bakinta na motsi, amma ko baiti ɗaya ya ƙi zuwa. Ina ƙarama sosai lokacin. Na ce masa na manta.

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai. "In kin tuna, ki gaya min."

Na ce to. Muna nan zaune wata mata ta tsaya da mota ta ce firjinta ya daina sanyi, kayan miya duk sun lalace, ko zai iya zuwa yanzu. Ya ce mata ta zagayo ta wannan gefen ta maimaita. Ta maimaita. Ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa, ya ɗauki jakar aiki, ya ce in ja masa ƙofar shagon in zan tafi.